Tsingaro Ba Ya Taɓa Siminti

Ranar Litinin da hantsi ina ba kajina ruwa Auta ta kira ni a waya. Ko gaisuwa babu.

"Kawu, ka zo jami'a yanzu. An gama da ni."

Auta 'yar ƙanwata ce. Shekara bakwai ke nan tana neman digiri na uku a sashen nazarin ɗan Adam da tonon kufai, wato mutanen nan masu haƙa rami ba don su sami ruwa ba. A gida tun shekarar farko muke kiran ta Dakta. Da tsokana muka fara, har abin ya bi bakin uwarta. Saura kwana tara ta kare kundinta a gaban wani malami da aka gayyato daga wata jami'a, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe, dokar makarantar ba ta ba da ta takwas ba.

Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi a gandun daji ina bin sawun maharban da ke shiga ba izini. Ban san komai a kan digiri ba. Ƙasa na sani, da abin da ƙafa take bari a kanta.

Ɗakin ajiyar sashen yana ƙarshen wata doguwar baranda, bayan ofisoshin malamai. Na tarar da ɗalibai da masinjoji sun cika ƙofar, kowa da nasa ɓarawon. Wani ya ce masu neman zinariya ne. Wata ta ce ai mai shara ce, da ma ita idon matar nan bai taɓa yi mata ba. Duk sun tattake ƙasan ɗakin, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Na daka musu tsawa suka ja baya.

Ɗaki ne mai taga ɗaya da ƙarafa a jiki, kantoci jere a bango, teburin wanki da famfo a lungu. A tsakiya ga tsibin tsingaro, wato gutsattsarin fasassun tukwanen mutanen da, ya kusa kai mini gwiwa. Auta na tsugune a gabansa. Ba ta kuka, kuma rashin kukan nan ya fi tayar mini da hankali.

"Me aka sata?" na tambaye ta.

"Katuna."

Na dubi kantocin bango. Ga wata munduwa ta tagulla a cikin gilashi, ga ɗan mutum-mutumi na yumɓu, ba wanda ya taɓa su. Na ce wane irin ɓarawo ne zai bar tagulla ya ɗauki takarda?

"Kawu, ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Hawa goma sha ɗaya na haƙa a kufan nan cikin shekara huɗu. Duk abin da ya fito, a leda nake sa shi da kati a ciki, rami kaza, hawa kaza, rana kaza. Leda ɗari biyu da goma sha biyu, tsingaro dubu uku da 'yan kai. In yana tare da katinsa, shaida ne. In ba kati, fasasshiyar tukunya ce kawai, irin wadda kake tokare ƙofar akurkinka da ita. An juye su duka wuri ɗaya, an kwashe katunan."

"To ki koma ki sake haƙa mana."

"An yi madatsar ruwa bara. Kwale-kwale ke wucewa ta kan kufan yanzu."

"Hotuna fa?"

"Na guda arba'in ne, masu kyan. Malamin da zai zo ya rubuto, shi sauran yake son gani leda-leda, ya ƙirga da hannunsa. Abin da na gano ya saɓa wa littafin Farfesa mai duba aikina, malamin ba zai yarda da faɗar baki ba."

A kan wata kujera ta jikin bango wani tsoho yake zaune, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa. Shi ne mai kula da ɗakin, ɗalibai suna ce masa Baba Tsingaro. Na sha jin labarinsa a bakin Auta. Shi ya koya mata wanke tsingaro da buroshin haƙori, ita kuma take sayo masa maganin ido.

"Laifina ne," in ji shi. "Da na matsa an kawo wata tawada tun da tamu ta ɓace, da tuni na rubuta wa kowane lambarsa a jiki." Sai ya juya ga shugabar sashen, wata mai tabarau da magana a taƙaice, wadda ta shigo a lokacin. "Ranki ya daɗe, ni na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Na san su a hannu. A ba ni kwana bakwai, zan mayar da kowane hawansa."

Shugabar ta daɗe tana kallon sa. "Malamin da zai zo ya san ka. In ka mayar, ka rubuta ka sa hannu, wataƙila ya karɓa. Wataƙila fa na ce. Shekara talatin ba a taɓa jin kanka da kowa ba, kuma shi kaɗai muke da shi a hannu yanzu."

Na ji wannan magana da kunnena, amma ban ajiye ta ba. Abu ɗaya ne ya zauna a kaina: katuna aka sata, in na samo katuna an gama.

*

Na roƙi awa ɗaya ni kaɗai a ɗakin, aka ba ni.

Kwaɗon ƙofar na fara dubawa. An fasa shi da guduma, kowa ya ga wannan. Amma ƙofar katako ce, ko ƙwarzane babu a jikinta. Wanda ya bugi kwaɗo yana rataye, dole ƙofa ta sha rabonta. Na sunkuya a dakalin ƙofar, sai ga inda siminti ya ɓare sabo fil. An buɗe kwaɗon da makulli, aka ɗora shi a ƙasa, sannan aka yi masa dukan da zai rufe wa mutane ido.

Na koma kan tsibin. Na ɗauki tsingaro ya fi ɗari ina duba bakin kowane. Tsohuwar karaya ta dushe, sabuwa ja take. Ban sami sabuwa ko ɗaya ba. Na ɗan ture na gefe, sai ga buhu a ƙasa, an shimfiɗa shi, har an naɗe gefensa ciki don kada wani ya gangaro kan siminti. Ɓarawon nan ya yi shimfiɗa kafin ya yi ɓarna, kuma a hankali ya riƙa zubawa, leda bayan leda.

Tsakanin tsibin da bango akwai wurin da ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba. Jar ƙurar da ta fito daga ledojin ta kwanta a nan, kuma a cikinta na sami abin da nake nema. Sawun gwiwa ɗaya, ta dama. A gefe, can nesa da ita, dunduniyar hagu ta ja layi a ƙurar. Mutum ya durƙusa da ƙafa ɗaya, ɗayar kuma a miƙe. Na ɗauko robar wanki na kife a kai, na ce wa Auta duk wanda ya ɗaga ta, ni da shi ne.

Makullan ɗakin huɗu ne. Ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin Auta. Na Baba, duk Juma'a yakan ba mai shara ta share ɗakin ta dawo masa da shi. Na Farfesa kuwa, tun da ciwo ya kwantar da shi, yana hannun wani ɗalibinsa da ake kira Dogo.

*

Kafin azahar masu gadi sun riga sun yanke hukunci. Sun sami ledojin a jakar mai shara, sun zaunar da ita a ofishinsu, an ce in ba ta fito da katuna zuwa Laraba ba za a miƙa ta ga 'yan sanda.

Dattijuwa ce, gajera, hannayenta duk sun yi kanta saboda sabulu. Tana ganina ta fara rantsuwa tun ban buɗe baki ba.

"Inna, kwantar da hankalinki. Ni ba hukuma ba ne, kajina ma ba sa jin maganata. Ina kika samo ledojin?"

"A kwandon shara na bayan gini, yallaɓai, yau da safe. Dashen tumatir nake yi a gida, a ciki nake rainon iri. Abin da aka yar ne wallahi, ban san na wani ba ne."

Na ce a kawo mini su. Ba wadda aka yaga. Kowace an kwance bakinta, an kakkaɓe, an ninke ta gida huɗu, an ɗaure su goma-goma.

"Ke kika ninke?"

"Ni? Ina na ga lokaci? Haka na same su. Har na ce a raina wannan mai yarwar ɗan gidan tarbiyya ne."

Na yar da biro a ƙasa kamar ya suɓuce mini. Ta durƙusa da gwiwa biyu ta ɗauko mini, ta miƙe garau. Na gaya wa shugaban masu gadi cewa ba ita ba ce. Ya ce da me zan nuna? Na ce da gwiwarta. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa tsohon da kai ya fara taɓuwa.

Zan fita ta riƙo hannun rigata. "Yallaɓai, ban so in faɗa ba. Da safen nan, kafin kowa ya zo, na ga Dogo ya fito daga barandar nan da gudu."

*

Ranar Talata na sami Dogo a ɗakin karatu, ya kifa kai a kan littafin da ba ya karantawa. An gaya mini gurbin koyarwa ɗaya ne a sashen, kuma wanda ya riga gamawa tsakaninsa da Auta shi zai samu. An kuma ce sun yi cacar baki a gaban mutane makon jiya.

"Samari, gudun me kake yi jiya da safe?"

Ya ɗago kai. "Baba, na zo ɗaukar kayan awo ne. Na ga kwaɗo a fashe, na leƙa, na ga tsibin. Makulli na aljihuna, ga faɗan da muka yi. Na san duk wanda ya gan ni a wurin, ni zai nuna. Sai na gudu. Na san ban kyauta ba."

"Kana son ta faɗi?"

Ya ce, "Ina son in riga ta. Wannan ba zan ɓoye ba. Amma ni na riƙe mata igiyar awo a ramin nan wata uku, rana na dukanmu. Rabin ledojin nan ni na ɗauko su a ka."

Auta ta yi aiki a ɗakin har daren Asabar, ke nan ranar Lahadi aka yi ɓarnar. Ranar kuwa Dogo yana asibiti wurin matarsa da ta haihu, tun safe har yamma. Na je na tambaya, haka ne. Da na yar da birona a gabansa, ko durƙusawa bai yi ba, daga zaune ya miƙa wannan dogon hannun nasa ya ɗauko.

Na biya ta ɗakin ajiya kafin in wuce. Baba Tsingaro na zaune a teburin wanki, Auta na ɗebo masa tsingaro a faranti. Yakan ɗauki ɗaya, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Hawa na tara, rami na biyu." Ita kuma ta duba littafinta, adadin na fitowa daidai. Sun gama hawa uku. A karon farko tun Litinin na ga haƙoran Auta.

"Kawu, yana yi fa. Wallahi yana yi."

Na ce mata ta ƙara haƙuri, katunan ma suna hanya. Ina jin kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba.

*

Saura Farfesa. Tun farko zuciyata a kansa take, domin littafinsa ne Auta ta rushe. Shi ya rubuta cewa garin da ke kufan nan bai wuce shekara ɗari huɗu ba, shekara talatin ana koyar da haka. Ita kuwa hawanta na ƙasa ya nuna ya haura dubu.

Na same shi a falon gidansa a keken guragu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, littattafai har kan talabijin. Wannan ko cokali ba zai riƙe ba, balle guduma. Amma mai makulli yana iya aiken wani, don haka na tambaye shi kai tsaye.

Ya yi dariya da rabin baki. "Malam, ni na ce ta rubuta. Ni na zaɓo mata malamin da ya fi kowa tsanani, don kada gobe a ce alfarma aka yi mata. Littafina ya ci zamaninsa. Yarinyar nan ta fi ni ido, kuma ina so in ga an kira ta Dakta kafin in tafi. Ba ni da wani buri bayan wannan."

"To kai ya aka yi ka kuskure, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Ranar da aka kwashe hawan ƙasa a ramina, shekara talatin da suka wuce, ina kwance a tanti zazzaɓi ya kayar da ni. Hadari ya taso. Ma'aikata duk suka watse. Mutum ɗaya ya tsaya, ya riƙa fito da ledojin daga rami shi kaɗai cikin ruwa. A sawu na ƙarshe tsani ya zame da shi, ya faɗa ramin da kaya a kansa, gwiwarsa ta hagu ta fashe. Da jan ciki ya kawo mini ledojin, kowace da katinta. Har yau ƙafar ba ta lanƙwasuwa. A shafin farko na littafina na gode masa."

Ban tambaye shi ko wane ne ba. Sau biyu na ga Baba Tsingaro, kuma duk a zaune na gan shi, doguwar riga ta rufe ƙafafunsa. Na yi sallama na fito, na zauna a mota ban tayar ba. Ban ji daɗin da nakan ji idan sawu ya kai ni ƙofar mai shi ba. Amma na tuna mai shara a ofishin masu gadi, gobe Laraba. Na kuma ce wa kaina, mutumin da ya kasa yaga leda, bai ƙone katuna ba. Suna nan, zan karɓo wa Auta abinta.

*

Laraba da ƙarfe goma na roƙi shugaba ta tara su a ɗakin ajiya. Aka turo Farfesa a kekensa. Masu gadi suka kawo mai shara. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa. Auta da Baba na teburin wanki, sun shiga hawa na biyar, an jera sababbin ledoji a kanta gwanin sha'awa. Tun kafin su zo na barbaɗa 'yar jar ƙura a gefen robar da na kife.

Na gaya musu labarin kwaɗo, na gaya musu na ledojin da aka ninke. Sannan na ɗauki ɗaya daga cikin sababbin ledojin, na kwance bakinta.

"Bari in nuna muku yadda ɓarawon ya yi," na ce, na karkata ta zan juye a kan siminti.

"Dakata!" Baba Tsingaro ya miƙe. "Tsingaro ba ya taɓa siminti!"

Dogo ya yi ɗan murmushi, da alama duk ɗalibin sashen ya sha wannan tsawar. Tsohon ya fizgo buhu daga ƙarƙashin tebur, ya zo gabana, ya durƙusa. Gwiwar dama ta sauka. Ƙafar hagu ta miƙe gefe, dunduniyar ta ja layi a ƙura. Ya shimfiɗa buhun, ya naɗe gefensa ciki, ya dafa kantar ajiya ya tashi.

Na ɗaga robar.

Sawu biyu, kusa da juna, ba abin da ya raba su. Ba sai na yi bayani ba, mutanen da aikinsu karanta ƙasa ne. Mai shara ta share ɗakin nan ranar Juma'a, kuma ƙurar da sawun farko ke ciki daga ledojin Auta ta fito. Shugaba ta cire tabaranta. Mai shara ta ce, "Innalillahi," ta toshe baki.

"Baba?" in ji Auta.

Bai musa ba. Ya sa hannu a aljihun cikin rigarsa, ya fito da katunan, ya ajiye a kan tebur. Ɗauri goma sha ɗaya, kowane hawa da nasa, an jera su bisa kwanan wata, an ɗaure da zare.

"Ranar da na faɗa ramin nan," in ji shi, yana kallon ƙafafun Farfesa, "ledoji shida suka fashe. Na hawan ƙasa da na sama suka gauraye a cikin taɓo. Ina yaro, sati uku da ɗaukata aiki. Na kwashe na zuzzuba yadda hannu ya kama, na sa katuna, na kawo maka. Ka gode mini. Ka rubuta littafi a kai. Yanzu malamin nan zai zo ya ajiye ledojinka kusa da nata, minti goma ya ishe shi ya gane. So na yi ka bar duniya ba ka sani ba. Shi ya sa na ɓoye tawadar. Ranar Lahadi da azahar na zo na yi abin da na yi. Da na ga fuskarta ranar Litinin, sai na gane abin da na aikata."

Farfesa ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya sake shi a cinya.

"Na sani," ya ce. "Shekara biyu ke nan da na sani. Ranar da ta kawo mini tsingaron hawan ƙasa na gane abin da ya faru a ramina. Ban ji haushinka ba ko na minti ɗaya. Jira nake ka gaya mini da bakinka."

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas, ƙafar nan a miƙe.

Ni kuwa na ɗauki katunan na miƙa wa Auta. Har da ɗan murmushina, Allah ya yafe mini. "Ga abinki, Dakta. Ɗari biyu da goma sha biyu, ƙirga ki gani."

Ta karɓa. Ta dubi katunan, ta dubi tsibin. Ta zaro kati ɗaya, ta sunkuya ta ɗauki tsingaro ɗaya, ta riƙe su hannu bibbiyu.

"Kawu, wanne ne na wanne?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kati bai san tsingaronsa ba. Leda ce ta haɗa su, kuma an riga an juye ledar. Kwana uku ina bin abin da ba zai gyara komai ba.

"Zan ƙarasa," Baba ya ce daga ƙasa. "Na rantse da Allah daidai nake mayar da su. Saura hawa bakwai. 'Yata, ki bar ni in ƙarasa, in ya so a ɗaure ni."

Auta ta juya ga shugaba. Duk muka juya.

Shugabar ta mayar da tabaranta. "Na yarda daidai kake mayarwa. Ni na yarda. Amma me zan rubuta wa malamin? Cewa wanda ya gauraya su shi ya raba su, kuma ya taɓa gauraya wasu ya yi shiru shekara talatin? Jiya sa hannunka shaida ne. Yau duk wanda ke ɗakin nan ya ji abin da ka faɗa, ni ma da ni, kuma ba zan iya cewa ban ji ba."

Masu gadi suka saki mai shara, ta fita tana share ido da gefen mayafi. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya mayar da tsingaron nan wurinsu, kuma ni na tara mutane na kashe maganarsa a gabansu. Da na yi shiru, da an kai matar da ba ta ci ba ba ta sha ba wurin 'yan sanda. Na juya abin ta kowace fuska, har yau ina juyawa, ban sami inda ya kamata in bi ba.

Auta ta ajiye tsingaron. Ko a wannan halin, a kan buhu ta ajiye shi.

*

Ni na kai ta gida. Katunan na kan cinyarta har muka iso. Uwarta na bakin ƙofa tana jiran mu, ta riga ta ji a waya cewa yau za a yi ta ta ƙare.

"Yaya, an kama shi?"

"An kama."

"An samo katunan?"

"Ga su nan a hannunta."

Ƙanwata ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Ai na ce musu tun da Yaya ya sa ƙafa an gama. Shigo, Dakta, shigo ki ci abinci, saura kwana bakwai."

Auta ta tsaya a bakin ƙofar, ta dubi uwarta, ta dube ni.

"Kawu," ta ce, "kai ka iya bayani. Gaya mata ta daina kira na haka."

Ta wuce ciki. Ƙanwata tana kallo na, murmushin bai gama barin fuskarta ba, tana jira in yi magana.